Baƙin da Suka Faɗa Gidan Badaru

Karimatu Maigandi shekararta talatin da bakwai, kuma ita ke riƙe da shafin intanet na ƙungiyar masu masaukin baƙi ta kasuwar Malanville, can bakin iyakar Nijar. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a bayan rumfunan albasa. Akwai tebur, da kwamfuta biyu da ake kira ordinater a nan, da fanka mai tsaye da ta daina juya kai, da tabarmar salla a naɗe a lungu. Warin albasa ya kama labulen ɗakin tun tuni, ita har ta bar jinsa. A kasuwa ba wanda ke kiranta da sunan aikinta. Ɗiyar Maigandi mai na'ura ake ce mata, ko da yake Maigandin ya jima da rasuwa.

Mahaifin nata mai masauki ne, kamar yadda nasa mahaifin ya kasance. Ɗan kasuwar da ya taso daga Kamba ko Argungu ko Dosso ba ya faɗawa kasuwa kai tsaye. Gidan mai masaukinsa yake fara sauka, a ba shi ɗaki da tuwo, sannan mai gidan ya nemo masa dillali, ya tsaya masa a ciniki, ya samo masa mota, ya bi masa takardunsa a duwan, wato ofishin kwastan. In kaya suka lalace ko rikici ya tashi, mai masauki ake kira. Doka ɗaya ke riƙe da duk wannan, ba kuma a rubuce take ba: baƙo na gidan da ya saba sauka ne, ɗansa ma haka, kuma mai masaukin da ya janye baƙon wani ya yi abin da za a riƙa tuna wa jikokinsa.

Tana ƙarama ita ke kai wa baƙi kwanon abinci zaure. Takan tsaya bakin ƙofa ta ji yadda babanta ke rarraba mutane. Wannan a kai shi wurin mai albasa, wancan a haɗa shi da direba, wannan kuma ya jira la'asar don takardarsa ba ta fito ba. Maigandi bai taɓa ɗaukar buhu ba, bai taɓa tuƙa mota ba. Aikinsa ya san inda kowa ya kamata ya nufa.

A cikin 'ya'yansa mata ita kaɗai ta wuce lise, wato babbar sakandare. Ta tafi Parakou ta yi karatun na'ura, ta zauna wani siber, shagon intanet, tana buga wa mutane takardu, daga baya ta shiga wani ƙaramin kamfani da ke gina wa makarantu da otal-otal shafuka, can ta koyi aikin da hannunta. Aure ne ya maido da ita gida. Mijinta malamin lissafi ne, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Malanville, ta biyo shi da yara biyu, na ukun a nan aka haife shi. Lokacin masauki ya riga ya koma hannun yayanta Badaru.

Da Nijeriya ta rufe iyakarta, sannan korona ta biyo baya, baƙi suka rage zuwa. Ciniki ya koma waya, wayar kuma ga rezo, wato sabis, mai yankewa, ga saƙon murya da ke ɓacewa cikin ɗaruruwan gaisuwa. Shugaban ƙungiyar, Malam Bukari, ya aika aka kira Karimatu ya tambaye ta ko akwai yadda za a yi baƙo ya turo buƙatarsa daga garinsu ta iske mai masaukinsa ba tare da ta ɓata a hanya ba. Ta ce akwai.

Ba daga tushe ta gina shafin ba. Akwai manhajoji na kyauta da ake ɗora shafi a kansu, waɗanda suka riga suka iya ajiye rubutu da hoto da sunayen masu shiga. Ta ɗauki ɗaya ta girka. Sai dai babu manhajar da ta zo da sanin mene ne mai masauki, don haka ta zauna ta rubuta ƙari nata ta liƙa a jiki.

In tana yi wa dattawan ƙungiya bayanin wannan ƙarin, da zaure take kwatanta shi. Duk saƙon da baƙo ya turo, ko na tambayar farashi, ko na a ware masa buhuna, ko na a nemo masa mota, wuri ɗaya yake fara faɗawa. Wannan babban mai karɓa ba ya aikata komai da kansa. Yana duba sunan gidan da ke goshin saƙon da irin buƙatar, sai ya miƙa shi ga ƙaramin mai karɓa na wannan gidan. Kowane gida da nasa, domin kowane gida da yadda yake so. Wani a turo masa a rubuce da Faransanci, wani ba ya karatu sai dai wayarsa ta yi ƙara ya kira, wani ya ce maganar mota a kai wa ƙaninsa, maganar kaya a kawo masa.

"Kamar Baba zaune ga zaure," take ce musu. "Shi dai nuni shika yi."

Dattawan suka gane, don dukansu sun san Maigandi a zaurensa. Shekarar farko abin ya tafi lafiya. Matasan 'yan kasuwa ne suka fi shiga, masu waya babba, waɗanda ke cike duk gurbin da suka gani.

A kakar albasa ta biyu ne manyan baƙi suka fara amfani da shafin, bayan 'ya'yansu sun nuna musu. A kakar ne kuma wayar Badaru ta fara kawo masa buƙatun mutanen da ba su taɓa kwana gidansu ba. Badaru bai tambayi dalili ba. Mutum ne mai hanzari, ga albasa na neman ruɓewa a rana. Saƙo ya zo, ya kira dillalinsa, aka cika buhuna, aka ɗora a mota.

Cikin waɗannan baƙin har da Alhaji Na-Allah na Kamba, wanda ya haura shekara talatin yana sauka gidan Issufu. Issufu dattijo ne, abokin Maigandi tun suna samari, shi ya riƙe wa Karimatu kai ranar da aka huda mata kunne tana kuka. Ya ji shiru daga Kamba, ya ɗauka rashin lafiya ce. A tasha ya ji daga bakin wani direba cewa kayan Na-Allah sun tashi sau biyu, kuma daga hannun dillalin Badaru.

Aka kira taro a ƙarƙashin rumfar ƙungiya bayan sallar Juma'a. Karimatu ta zo da ƙaramar ordinater a jaka, ta zauna a gefen tabarma. Issufu ya fara magana da Dandanci, harshen garin, a hankali. Da ransa ya ɓaci sai ya juya Hausa, don baƙin da ke jingine da buhuna su ma su ji.

"Ni tambaya guda gare ni," ya ce. "Na'urar ga, nono guda sunka sha da Badaru?"

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta.

"Baba Issufu, na'ura ba ta san kowa ba," in ji Karimatu.

"Na yarda. Na'ura ba ta da wa. Mai na'ura hwa?"

Ba Issufu kaɗai ba ne. Da ya buɗe baki sai wasu masu gida uku suka ce su ma sun rasa baƙi, kuma duk tsofaffin baƙi ne, irin waɗanda gida ke alfahari da su. Ba sabo ko ɗaya a ciki. Duk kuma gidan Badaru suka faɗa.

Malam Bukari ya dubi Badaru. "Kai mi ka ce?"

"Ni saƙo yaz zo mini, na yi aiki. In bar albasar mutane ta ruɓe? Ban tahi ƙohwar kowa na jawo baƙonai ba."

"Ba sai ka tahi ba," in ji Issufu, "tunda akwai mai kawo maka har ɗaki."

Karimatu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ba rufe shafin ya fi damunta ba, aikin gina shafi ana samu a Kandi ko Parakou. Abin da ake faɗa a rumfar nan shi ne 'ya'yan Maigandi sun haɗa kai sun saci baƙin abokin ubansu, kuma in maganar ta zauna, ba za ta tashi daga kan gidan ba. Malam Bukari ya yanke cewa a ba ta zuwa ƙarshen kaka. In ta kawo bayanin da dattawa za su gamsu da shi, to. In ba haka ba a rufe shafin, kowa kuma ya riƙe abin da ya fahimta.

Ta koma ofis ta bi rubutun ƙarin layi-layi. Ta turo saƙon gwaji da sunan kowane gida, kowanne ya tafi inda ya kamata. Na Issufu ya je wa Issufu. Ta sake da wata wayar, ta sake da wayar mijinta, haka dai. A gida kuwa Badaru ya aiko mata da cinyar rago, ta mayar. Ya sake kawo ta da kansa.

"Ke, mi na na maido da nama?"

"Yaya, ka san mutanen ga ba naka ba na."

"Na sani. Amma ni na kira su?"

"Da ka ga sunan Na-Allah, ba ka iya ɗaukar waya ka kira Baba Issufu?"

Badaru ya sosa ƙeya. "Na ce ko shi yat turo mini shi. Tsoho na, ƙahwa na damunai."

"Sau biyu? Bai ce maka komi ba?"

Badaru ya miƙe. Ya ɗauki naman ya miƙa wa yaranta ya fita.

Kafin ƙarshen kaka Na-Allah ya zo da kansa. Ta Madécali ya biyo a kan babur, ya sauka gidan Issufu kamar kullum, cike da mamakin fuskar da aka tarbe shi da ita. Shi a saninsa Issufu ne ya wakilta Badaru, har ya yi niyyar yi masa godiya da ya samo yaro mai zafin nama. Karimatu ta ji labarin zuwansa da hantsi, ta yafa mayafi ta hau kabu-kabu.

Ta iske su a zaure, Issufu a kan buzu, Na-Allah yana shan fura. Ta durƙusa ta gaishe su. Na-Allah ya amsa da fara'a, ya tambayi yara. Issufu ya amsa a taƙaice yana duban bango.

"Alhaji, alfarma nika nema," ta ce. "Ka turo saƙo yanzu gabana, yadda ka saba. Kada ka canza komi."

Na-Allah ya ajiye ludayi, ya goge hannu, ya fito da waya daga aljihun gaba. Ya buɗe shafin da yatsa ɗaya, yana nisanta wayar da idonsa. Ya zaɓi albasa. Ya sa yawan buhu. Ya sa ranar da yake so mota ta tashi. Ya zo gurbin da aka rubuta a zaɓi gidan da ake sauka, ya wuce shi kamar bai gani ba, ya danna turawa.

"Alhaji, ka tsallake wuri guda."

"Wane?"

"Inda anka ce gidan wa kaka sauka."

Na-Allah ya dube ta, ya dubi Issufu, ya yi dariya. "Wannan ai na baƙi na. Ni za a tambaya gidan wa nika sauka? Tun kina goye nika kwana ɗakin can. Ko jakin kasuwar ga ya san gidana."

Nan ta gane, tun kafin ya rufe baki. Lokacin da take rubuta ƙarin, ta bar wannan gurbin ba dole ba, don kada sabon baƙo da bai da gida tukuna ya kasa turo saƙo. Manhajar kuwa ba ta yarda saƙo ya tsaya a zaure ba mai karɓa, sai an faɗa mata inda za ta kai wanda bai zo da sunan gida ba. A ranakun gwaji wayar Badaru ce kusa da hannunta, sai ta sa gidansa, da niyyar canzawa in an fara aiki. Aka fara aiki, matasa suna cike kowane gurbi, ba saƙon da ya taɓa bin wannan hanyar, ita ma ta manta da ita. Duk gwajin da ta yi daga baya da sunan gida ta yi shi, don ita ba ta taɓa tunanin mutum zai bar gurbin don ya fi ƙarfin tambayar ba.

Ta kira Badaru a waya ta sa a lasifika. "Yaya, saƙo ya shigo maka yanzu?"

"Ya shigo. Na Alhaji Na-Allah na. Ban taɓa shi ba."

Ta yi musu bayani a nan zauren, ta maimaita shi a rumfar ƙungiya ranar Juma'a, da wayar Na-Allah a hannun Malam Bukari. Aka kira sauran tsofaffin baƙin ɗaya bayan ɗaya, duka suka ce ba su taɓa cike gurbin ba, ɗaya ma ya ji haushin tambayar.

Issufu ya saurara har ƙarshe. "To wa yas sa gidan Badaru can?"

"Ni na sa, Baba."

"Gidaje nawa ga ƙungiyar ga, sai nashi?"

"Wayatai ta kusa da ni ran nan. Da taka ta kusa, da gidanka sunka faɗa."

"Ba ta kasance kusa ba dai," ya ce, ya gyara zama.

Ta kawo shawarar a mai da gurbin dole, kada saƙo ya tafi sai an zaɓi gida. Gyara ne na ɗan lokaci kaɗan. Dattawa suka ƙi baki ɗaya. Wani ya ce in na'ura ta tsare baƙonsa na shekara da shekaru a ƙofa tana tambayarsa ɗan gidan wa ne, gara ta kai shi gidan Badaru, ya fi sauƙin haƙuri. Malam Bukari ya tambaye ta ko Maigandi ya taɓa tambayar Na-Allah inda yake sauka. Ta ce a'a, muryarsa kawai yake ji daga waje ya ce a kai shi wurin Issufu.

"To ki koya ma na'urar taki jin murya," in ji Malam Bukari.

Abin da ta yi ke nan, da lambar waya a madadin murya. Ta bi gidajen ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, kowane mai gida ya faɗi baƙinsa da bakinsa a gaban shaida daga wani gidan, ta ɗaura lambar kowane baƙo da gidansa. Ta sake rubuta babban mai karɓa. Yanzu in saƙo ya shigo, lambar yake fara dubawa. In ya san ta, ba ya nuna wa mai ita gurbin gida ma sam, sai ya miƙa saƙon inda ya dace. In bai san ta ba kuma ba a zaɓi gida ba, saƙon ba ya zuwa gidan kowa. Ta ƙara wani ƙaramin mai karɓa na musamman da ke kai shi wayar Malam Bukari, shi ya duba ya ba gidan da layi ya zo kansa, kamar yadda ake yi wa sabon baƙo da ya sauka tasha bai san kowa ba.

Aikin ya ci sauran kakar da farkon damina. Ya fito da rigimar da ba a zata ba, don an sami baƙi biyu da gida biyu ke da'awar kowannensu, sai da dattawa suka zauna a kai. Badaru ya mayar da baƙin da ba nasa ba, ya kai wa masu gidajen ladan da ya karɓa a kansu, da rakiyar Malam Bukari. Ya yi wata biyu ba ya shiga gidan ƙanwarsa, sannan ya dawo ranar da ƙaramin ɗanta ya yi zazzaɓi, ba wanda ya ta da maganar.

Issufu shi ne na ƙarshe da ya ba da sunayen baƙinsa, kuma bai bari ta shiga zaure ba, a dakali suka yi. Bayan nan in sun haɗu a kasuwa yakan amsa gaisuwarta, amma ya bar ce mata ɗiyata. Shafin ya ci gaba da aiki. Da aka rufe gadar da ke haɗa Malanville da Gaya a 2023, baƙin Nijar suka koma turo saƙo suna karɓar kaya ta kwale-kwale, ta ƙara wa kowane gida hanyar neman mai jirgi. Matan ƙauyen Toumboutou masu shinkafa sun nemi a yi musu irin shafin, ta ce sai ta sami mai taya ta.

Ranar Alhamis da ta wuce tana ofis da safe tana goge ƙurar tebur, aka yi sallama. Issufu ne, da sanda, shi kaɗai. Bai taɓa taka ɗakin ba. Ta jawo masa kujera, ya zauna yana duban fankar.

"Wagga ba ta juyawa?"

"Ta gaji, Baba."

"Mu duka." Ya fito da wayarsa ya miƙa mata, da wata lamba a kan fuskar wayar. "Na-Allah ya aje tahiya, gwiwa ta hana shi hawan babur. Ɗanai Kadiri zai riƙa zowa. Sa shi gidana."

"Sai da shaida daga wani gida, Baba. Haka munka aje."

"Ke ba ɗiyar wani gida ba ta? Sa shi, ɗiyata, ina da wurin zuwa."

Ta zauna ta shigar da lambar, ta ɗaura ta da gidan Issufu, ta rubuta sunanta a gurbin shaida, ta mayar masa da wayarsa. Sannan ta kira Kamba, ta gaisa da Kadiri, ta ce ya turo saƙon gwaji, kada ya zaɓi komai. Suka jira rezo ya kama. Wayar da ke hannun Issufu ta yi ƙara, ta karɓa ta karanta masa saƙon, ta mayar masa da ita.